Barewa a Hanyar Makaranta

Shekara goma sha tara ina jan wannan bas
mai ruwan ɗorawa, mai tari da asuba,
a tsaunukan Kentucky, inda hanya ke murɗewa
kamar igiyar da aka yar a ƙasa.
Sunana Lorna. Ban gama sakandare ba,
amma kullum ni ke sauke 'ya'yan mutane a ƙofar ilimi.

Zango biyu gare ni.
Na farko a kan tudu, bayan coci:
farar riga, ƙararrawa, ƙurar alli,
addu'a da safe, Latin kafin rana ta ɗaga.
Can ana koya wa yaro ya san maganar mutanen da
kafin ya buɗe baki ya ja da ita.
Na biyu a gangare, tsohuwar masana'antar taya
da aka yi wa gilashi har sama.
Ba ƙararrawa, kati ake gogawa a shiga,
kuma sun ƙera wani ƙarfe mai tsince ƙwallo da kansa.

Iyaye kan tare ni a bakin ƙofa:
"Ke da kike ganin su duka, wacce ta fi?"
Ni ko madubi kaɗai gare ni.

A madubin nake ganin Thaddeus,
kujera ta uku, leɓe na motsi,
yana tauna haddar da za a tambaye shi.
Can baya Marisol, sukudireba a gashinta,
jakarta cike da batir da guntayen waya.
"Yarenka ya mutu tuntuni," in ji ta.
"Injinki ko rai bai taɓa yi ba," in ji shi.
Haka muke, Litinin zuwa Juma'a,
harshe da haƙori a baki ɗaya.

Wata Talata ƙanƙara ta kwana a kan kwalta.
Bayan gadar Pruitt barewa ta faɗo mana.
Na taka birki. Birki ya yi nasa, bai isa ba.

Na ce kowa ya zauna.
Su biyun suka biyo ni.

Tana kwance, numfashinta na tashi kamar hayaƙi,
idonta a buɗe, ba zargi a cikinsa.
Marisol ta haska, ta durƙusa,
ta faɗi sunan jijiyar da ta tsinke,
ta danna da mayafin wuyanta,
ta ƙirga bugun zuciya daidai, har ya fara raguwa.
Lissafin bai yi kuskure ba. Jinin bai tsaya ba.
Ta ɗago ta dubi yaron:
"To, kai mai kalmomi, faɗi wani abu mana."

Thaddeus, mai baiti ɗari biyu a ka,
wanda ya ci gasar muhawara a kan ma'anar mutuwa,
ya buɗe baki, sai tururi kawai ya fita.
Daga baya ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe ta,
ya ce, da yaren da uwarsa ke lallashinsa,
"Yi haƙuri. Yi haƙuri."

Ni na kira ɗan sanda.
Ni na ja gawar gefen hanya.
Wannan ba a koyar da shi a tudu, ba a koyarwa a gangare.

Mun yi latti da minti arba'in.
Na rubuta takarda biyu, dalili ɗaya.

Yanzu kujera ta uku mutum biyu take ɗauka.
Gardamar ba ta ƙare ba, ta dai rage murya.
Jiya na ji tana tambayarsa yadda ake cewa barewa da Latin,
shi kuma yana riƙe mata waya, tana ɗaurewa.

Ɗazu wata uwa ta sake tare ni,
takardun makarantu biyu a hannunta, iska na kaɗa su.
"Wacce ta fi, Lorna?"
Na dubi lotsawar da ke gaban bas, har yau ba a gyara ba.
Na ce, "Shigo da yaron tukuna, akwai sanyi."